Goggo Atine da Nunannen Tumatir

Naraguta, Jos.

Zuwa ga Yaya Klaudiya,

Gaisuwa daga ƙanwarki Fibi cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara a can Legas. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinki. Mu ma nan alhamdu lillahi. Baba yana ta fama da gonar dankali, ƙanenmu Badung kuwa ya koma makaranta, sai dai har yanzu cinsa ya fi karatunsa.

Na san Mama ce a ranki, har kina cewa za ki ajiye aiki ki dawo gida. Ki kwantar da hankalinki, ki bar aikinki inda yake. Amma ba zan ɓoye miki ba, mun tsorata. Bayan aikin cire mahaifar nan, ɗinki ya kama lafiya, Mama ce dai ta ƙi miƙewa. Tafiya take a duƙe kamar mai neman allura, hannu a ƙugu, tana cewa wani abu na jan ta daga ciki. Ko wanka take yi ba ta kallon cikinta, balle ta bari a taɓa. Har ta ce wa Baba ya sayar da rumfarta ta Farin Gada, ita da kasuwa kuma sai a mafarki.

Ana cikin haka Goggo Atine ta sauka daga ƙauye da ƙatuwar tukunyarta da tsohon tawul. Kin santa, ba ta shawara da kowa. A wurinta duk cikin da aka buɗe cikin jego ne, maganinsa ruwan zafi da danna, yadda ta yi wa Mama a haihuwarmu duka. Na dawo daga shago na tarar ruwa na tafasa, tana naɗe hannun riga. Na tare ƙofar ɗaki na ce sai dai ta fara dafa ni. Ta ce ita ta yanke mini cibiya, yau ni zan koya mata ciki? Ta ɗaure kayanta, da ƙyar Baba ya hana ta tafiya, amma ta daina amsa gaisuwata.

Da muka koma asibiti, na roƙe ta ta raka mu. Likita ya duba ya ce ciwon ya warke, tabon ne ya ɗaure fata da naman ciki, sai tausa a hankali za ta sake shi, kuma da an danna wurin da ƙarfi tun yana ɗanye da labari ya sha bamban. Ya tura mu wurin wata ma'aikaciyar tausa, Sista Josephine. Nan ma Mama ta riƙe zaninta gam, ta ce in dai dole ne, hannun da ya karɓi 'ya'yanta ne kaɗai zai taɓa wurin nan. Sista ta yi murmushi ta ce to Goggon za ta koya wa.

Yaya, da kina nan da kin sha dariya. Hannun da ya saba da taɓarya da surfen acca aka ce ya yi laushi. Sista ta ce a sayo nunannen tumatir, Goggo ta riƙa zagaya shi da yatsu biyu, fatar na motsi amma kada ya ko lotsa. Sai da muka ci miyar tumatir har ta gundure mu. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Ranar da ta kai wa Sista tumatir ɗaya lafiyayye, aka ba ta izini, aka ce da ɗan man kaɗanya, kuma in Mama ta ji zafi a tsaya.

Ranar farko da yatsun Goggo suka sauka a kan tabon, Mama ta fashe da kuka. Ba zafi ba ne. Ta ce tun da aka fito da ita daga tiyata take jin kamar gidan da mu 'ya'yanta muka kwana ne aka rushe, ba wanda ya zo mata jaje. Goggo ta ce mata, "Tsuntsaye sun riga sun tashi, Fibi ga ta, Klaudiya ga ta. Sheƙa ta gama aikinta, ke ce muke so." Ni ma na fita waje na yi nawa kukan.

Yanzu kullum da safe suna ciki suna hira, har Mama ta fara yi da kanta. Ranar Lahadi ta tsaya a layin zumuntar mata ta yi waƙa, bayanta a miƙe, har na ga ashe ta fi Goggo tsawo. Zancen sayar da rumfa ya mutu. Jiya ma ta leƙa Farin Gada, ba ta ɗauki kaya ba, ta dai zauna ta yi ciniki. Ta dawo da kwandon tumatir ta ajiye a gaban Goggo, ta ce wannan na ci ne, ba na makaranta ba.

Mama da Baba suna gaishe ku, haka Badung da maƙwabciyarmu Mama Chisom, wadda farfesunta bai yanke mana ba. Ki gaida maigida da Mwadkon da ƙanwarsa. Goggo ta ce in kin zo Kirsimeti ki taho da wuyan nan naki mai ciwo, yanzu ta zama likita. Kuma ta dawo amsa gaisuwata.

Ƙanwarki mai kewarki,
Fibi Pam