Na Ce Mai Son Fita Ya Fita, Sai Aji Ya Watse

Mana Perla, mai ba mu shawara, ki taimake ni, na rasa dariya zan yi ko kuka. Wata biyu ke nan da aka ɗauke ni koyarwa a wata kwalejin aikin jinya, har yau idan aka ce Malama sai na waiga in ga da wa ake. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Babata kuwa ta sanar da kowa a kasuwar kifi, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ranar Talata na shirya nuna bidiyon wani asibiti bayan mahaukaciyar guguwa, da raunuka da gawarwaki. Na ji an ce malamin zamani yana yin gargaɗi tukuna, sai na gyara murya na ce duk wanda ba zai iya kallo ba ya fita, babu laifi. Can wani shaƙiyyi, Renante, ya saci kallon Jovelyn, wata 'yar bakin teku da ba ta cika magana ba, ya miƙe ya ce shi da tsoro aka haife shi. Aji ya fashe da dariya, kowa ya bi bayansa, mutum talatin da takwas! Na leƙa ta taga, ga su wurin mai soyayyar ayaba, Jovelyn a tsakiyarsu. Ina tsaye ni kaɗai sai ga shugaban sashe.

Ya ce ma'aikacin jinya ba ya zaɓen abin da zai gani, kuma idan aka sake, ba za a sabunta mini aiki ba. Ina tsoro, amma da na tuna fuskarsa sai dariya ta ƙwace mini. Gargaɗin ne kuskure?

Sabuwar Malama, daga tsibirin Samar

'Yata, na taya ki murna, kuma na yi dariya har shinkafata ta kusa ƙonewa.

Shugabanki yana da gaskiya, wata rana su za a kira cikin ɓaraguzai. Ke ma kina da taki, ba a watsa wa mutum irin wannan hoto ba shiri. Kuskurenki ɗaya, kin manta da kunyarmu. Wa zai miƙe shi kaɗai a gaban jama'a, kowa ya gane guguwa ta ci gidansu? Ina zargin yaran nan sun san abin da ba ki sani ba game da Jovelyn, shi ya sa suka tashi gaba ɗaya don kada ta tashi ita kaɗai.

Daga yau ki riƙa aika gargaɗi a rubuce kwana uku kafin darasi. Mai damuwa ya same ki a keɓe, ya kalli bidiyon a hankali kina kusa, amma kowa zai kalla. Ki kai wa shugabanki wannan tsari da kanki. Kada ki tambayi yarinyar komai, ki bari ta zo don kanta.

Kuma ki gaya masa, ɗaliban da suka iya rufa wa mai ciwo asiri haka sun riga sun fara aikin jinya. Allah ya tabbatar miki da kujerarki.

Mana Perla