Rasuwar Kaka Mai Almakashi, da Maganar Buhunan da Ta Bari

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni, Mai Girma Babban Kakakin Ƙungiyar Tallafa wa Yara da Iyalai ta unguwarmu, Mai Ba Shugaba Shawara kan Manyan Al'amura, kuma Amintaccen Kwamitin Dattawa, nake sanar da jama'a, a madadin Shugaba da mataimakinsa da duk wani mai kujera a ofis, cewa mun samu labarin rasuwar uwarmu kuma kakarmu, Hajiya Shugabar Ɗakin Ɗinki, wadda babba da yaro suka fi sani da Kaka Mai Almakashi. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinta, bayan 'yar gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kowa ya san wannan ƙungiya tana bi gida-gida tana karɓar tufafin da suka yi wa 'ya'yan masu hali kaɗan, tana raba wa 'ya'yan da iyayensu ba su da halin saye, amma ba kowa ya san abin da ke faruwa da rigar ba tsakanin fitowarta daga wancan gida da shigarta wannan. A farkon kafa ƙungiya, yadda aka karɓo haka ake rabawa, har ranar da marigayiya ta zo ɗiban ruwa a famfo, ta ji wani yaro ya riƙe gefen rigar abokinsa yana cewa a gaban 'yan'uwansu, "Wannan ai tawa ce, ga ma inda na ɗiga mata tawada." Yaron da aka faɗa wa ya tuɓe rigar a nan, ya rataye ta a kan famfon, ya tafi gida babu riga. Washegari marigayiya ta sa aka turo mata keken ɗinkinta a baro har ƙofar ofis, ta kafa dokar da ba ta nemi izinin kowa ba kafin ta kafa ta: babu tufar da za ta fita daga hannun ƙungiya sai ta bi ta bakin almakashinta.

Tun daga nan take zaune a ƙaramin ɗakin da ke bayan ofis, mai tagar nan da ba ta rufuwa, da tabaronta mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, da gwangwanin madara cike da maɓallai, tana sauya wa riguna kamanni. Mai dogon hannu ta koma gajere, aljihun hagu ya yi ƙaura zuwa dama, farar da ta yi tabo ta shiga rini ta fito shuɗiya, siket biyu su haɗu su haifi riga ɗaya. Allura na bakinta take faɗa, kuma ko ɗaya ba ta taɓa haɗiyewa ba, alhali faɗan ba ya yankewa. Takan ce, "Kyautar da za ta sa yaro sunkuyar da kai, gara mai ita ya riƙe abarsa." Ƙungiya ba za ta manta da ranar da wani babban jami'inta, wanda ba za mu faɗi muƙaminsa ba saboda shi ne Shugaba, ya tare wani maraya a hanya ya yaba rigarsa, har ya tambaye shi shagon da ake sayar da irinta don ya sayo wa ɗansa, alhali daga akwatin ɗan nasa ta fito. Da aka kai wa marigayiya labari sai da ta ajiye almakashi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta hana kowa gaya masa. To, yau dai ya ji.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga babbar 'yarta da ƙannenta da dukkan jikoki, na jini da na unguwa. Allah Ya jiƙanta, Ya yi mata rahama, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta 'ya'yan mutane, Ya ba ku haƙurin wannan rashi da juriyar ganin kujerarta babu kowa. Ku sani duk safiyar da yaran unguwar nan suka fito, aikin hannun uwarku ne yake tafe a titi.

Bayan haka, ƙungiya ta samu labarin ana ta raɗe-raɗin cewa, tunda makarantu za su koma mako mai zuwa kuma buhunan tufafi suna jibge a sito babu wanda ya taɓa su, wai bana za a raba su haka nan yadda suka zo. Muna sanar da iyaye da babbar murya cewa hakan ba zai faru ba. Dokar marigayiya tana nan daram. Ranar Asabar da safe, telan bakin kasuwa da telan kusa da tasha, da yaran shagunansu, za su hallara a ɗakin ɗinki, kuma duk matar da ta iya riƙe allura, ko da ɗinke maɓalli ne iyakarta, ƙofa a buɗe take.

Yanzu kuma, jama'a, tunda maganar mamaci ba ta son a rufe ta da ƙarya, bari in sauko daga kujerar da na hau. Ni ba Kakaki ba ne, kuma rabon da Shugaba ya nemi shawarata tun ranar da ya tambaye ni ko akwai iska a tayar kekena. Ni ne wanda nake zagayawa da keke ina ɗauko buhunan, wanda Kaka take kira Sarkin Tsokana, take jifa da ƙwaryar zare in na ce mata ta tsufa. Iyakar karatuna allo, wannan sanarwar ma faɗa na yi mai shagon buga takardu ya buga, muƙaman kuwa a bakin Kakakin gaske na tsince su. Shi bawan Allah tun ranar Talata yake riƙe da biro, ya rubuta kalma biyu hawaye su hana shi ta uku, na ga in aka jira shi sai an koma makaranta.

Kwamiti bai zauna ba, bai yanke komai ba, ni na yanke masa. Su kuma teloli, na je na gaya wa na bakin kasuwa cewa na tasha ya ce ba zai iya juya wuyan riga irin na Kaka ba, na koma na gaya wa na tasha irin wannan. Kowannensu ya rantse sai ya zo ya nuna wa ɗan'uwansa iyakarsa. Baba na kasuwa, Baba na tasha, ku yafe mini, babu wanda ya zagi wani, amma rantsuwa kun riga kun yi, kuma ni shaida ne.

Dalilina ɗaya ne. Ni ma cikin rigunan da Kaka ta juya na girma, na yi wasa da masu su, na yi kokawa da su, na tsokane su son raina, kuma har yau ban san ta wa na sa ba, su ma ba su sani ba. Abin da nake so wa ƙannenmu na bana ke nan.

Ranka ya daɗe Shugaba, hatimin ƙungiya da na ɗauka a ɓoye na buga wa wannan takarda, na mayar da shi aljihun teburinka, a ƙarƙashin carbi. In kora ce hukuncina na karɓa, sai dai a bari sai an wuce Asabar, don buhunan da nauyi kuma bayanka ba ya son ɗauka.

Sa hannu:
Sarkin Tsokana,
Mai Keken Ɗauko Buhuna,
Jikan Kaka na unguwa.