Baba Ya Ji Kana Buga Ƙarfe

Zuwa ga Yayana Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan sanyin ƙasar Turawa bai taɓa lafiyarka ba. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a wannan shafin inda kowa zai gani, ko wani ya isar maka.

Yaya, tsoro nake ji.

Ka tuna ranar da farfelar turumba ta tsage, injin da ke jawo wa gonakinmu ruwa daga kogi? Ka kira, Baba ya tambayi aikinka, ka ce kuna binciken yadda za a buga manyan ƙarafa da inji, har farfelar jirgin ruwa. Kai irin bugun takarda kake nufi. Baba kuwa maƙeri ne, bugu ɗaya ya sani.

Ya ajiye waya yana dariya: "Yaron ga ya komo gida! Shina bugun ƙarhe kamar kakanai."

Washegari ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce kada kowa ya je garin Sinja neman tsohuwar farfela, ɗansa zai aiko da sabuwa. Ka san ba a yi wa Baba musu.

Ni na ga bidiyon da ka turo. Hannun inji yana narka wayar ƙarfe yana ɗora ta layi bisa layi, kamar yadda ake ɗora laka a katangar gidanmu. Na kuma ji ka ce har yanzu farfelar tana tsagewa wajen gwaji, sai nan da shekaru. Yaya, albasa ba ta san shekaru ba. Ganyenta ya fara kwanciya, kuma ba gonarmu kaɗai ba ce. Maƙwabta sun fara gaishe da Baba a taƙaice.

Na buɗe baki zan faɗa masa, na kasa. Tun rasuwar Inna ban ga farin cikinsa haka ba, kuma ka san ciwon zuciyarsa. Ina tsoron gonakin su ƙone, ina tsoron abin da gaskiya za ta yi masa.

Jiya na tarar ya share tsohuwar maƙera, yana shafa wa zugazugi mai. Ya ce in tambaye ka wa ke yi maka zuga a can. In babu kowa, wai shi da sauran ƙarfinsa.

Ka kira, don Allah. Daga bakinka ya kamata ya ji.

Allah ya tsare mana kai, ya sa ruwa ya riski albasa da sauran rai, ya ba Baba ƙarfin jin abin da za ka faɗa masa.

Ƙanwarka da ta rasa ta cewa,
Sa'adiya