Kada a Goya Walida Zuwa Dubiya

Inna,

Na leƙo kin koma barci, ban tashe ki ba, motar jami'a na jira.

Jiya a wajen awo malamar asibiti ta ce sai Walida ta cika wata tara za a yi mata allurar ƙyanda. Watanta bakwai, kariyar da ta samu a cikina kuwa ta kusa ƙarewa.

Ɗan Laraba ƙyanda ce ta feso masa. Don Allah in za ki dubiya, ki bar Walida wajen maƙwabciyarmu Maman Deborah. Na san Laraba za ta ji ciwon hakan, ita ta riƙa dafa min ruwan wankan jego. Ki ba ta haƙuri. Nan da wata biyu, da kaina zan ɗora mata Walida a cinya.

'Yarki,
Sa'adatu