Zuciyar Inna a Hanyar Jega

Daga ƙanenka Umaru a Aliero, zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi. Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya fatauci? Mu nan lafiya, albasa ta yi kyau bana.

Sai dai faɗuwar gaban Inna ta ƙaru. Ranar kasuwar Jega muna tafe, ta dafe ƙirji, ta sauka daga jaki ta zauna gindin tsamiya. Na riƙe hannunta, ina jin jijiyar tana bugawa, ta tsaya, ta sake zabura. Sai hawaye suka zubo mini. Ta harare ni ta ce, "Kai Umaru, zuciyar tuntuɓe tay yi, ba ta faɗi ba. Ba ni ruwa." Da ta huta muka juya gida.

Malam ya ba ta rubutu, ya hana ta cin goro. Goron da ka aiko kuwa ta ƙi bayarwa, tana cewa, "Hannun wancan yaron ya taɓa shi."

Yaya, tun zuwan Nasara ayari bai yanke ba, ka biyo na gaba. Ba ta ce ka zo ba, amma kullum hanya take kallo.

Ka sa ta a addu'a. Gaida mai ɗakinka da yara. Wassalam.