Marken Sahabi

Tarka

Yaya Barmo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na fita takaba ranar Laraba.

Tambaya gare ni, tunda aikin itatuwa kake yi. Ka tuna marken da mijina Sahabi ya yi wa shinge a gona tun yana tsiro? Da tari ya kwantar da shi, ɓawon marken na riƙa sassaƙowa ina dafa masa. Jiya Amadu maƙwabcinmu ya ce itacen ya mutu, a sare. Amma ganyensa kore shar, Yaya. Ka faɗa mini Amadu bai san abin da yake faɗa ba.

Ƙanwarka,
Raishatu

Damagaram

Raishatu,

Na amsa gaisuwa. Allah ya jiƙan Sahabi, ya ba ki haƙuri.

Ba zan ɓoye miki ba. Ruwa daga saiwa yake hawa ta tsakiyar itace, shi ya sa ganyen bai bushe ba. Amma abincin itace ganye ke yin sa da hasken rana, wani ruwa mai zaƙi, ya gangara zuwa saiwa ta wata hanya siririya da ke manne a cikin ɓawo. In an zagaye gindin da wuƙa, hanyar ta yanke. Saiwa za ta ci abin da ta ajiye, wata shida ko shekara, sannan yunwa ta kashe ta.

Ki je ki duba. In akwai inda ɓawon sama ya haɗe da na ƙasa, ko faɗin yatsa biyu ne, zai iya rayuwa.

Ki gaida Inna.
Barmo

Tarka

Yaya,

Sallama. Na je na zagaya shi sau uku. Babu ko faɗin zare.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Sahabi yana kwance ya ce mini, "Raishatu, gefe ɗaya za ki ɗiba, ki bar masa sauran." Na ce to. Da na ga yana tofar da jini sai na koma na kwashe duka. Har ya rasu yana tambayata marken, ina ce masa lafiya lau.

Na hana Amadu sarewa. Gero zan shuka kewaye da marken bana, tun yana da inuwa.

Ka huta lafiya.
Raishatu