Lasisin Mutum Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Don Allah kada ki gaya mata daga gadon asibiti nake rubuto miki, da hannun hagu.

Kin san a ma'ajiyar nama da nake aiki, ba motar da ke fita sai mun buga mata izini a kwamfuta. Akwai manhajar da ke haɗa kwamfutocinmu da rumbun bayanai, sai ta nan ake shiga. Manaja ya ce ya sayi lasisin mutane da yawa. Ashe na mutum ɗaya ya saya, ya ba mu mabuɗi guda, ni da abokin aikina Gajere. In na shiga, ta watso shi waje. In ya shiga, aikina ya bi ruwa. Na ɗauka mugunta yake yi mini, shi ma haka ya ɗauka. Har gaisuwa muka daina.

Ranar Laraba direbobi suka cika harabar, daskararren nama na narkewa a motocinsu. Ina dab da gama izinin wani, allon ya yi fari fat. Raina ya ɓaci, na tsallake tebur na shaƙe Gajere, shi kuma ya fasa mini leɓe da goshi. Muna kokawa a ƙasa wani direba ya rotsa gilashin taga da ƙarfen kwance taya, sauran suka afko. Ƙarfen ya sauka a damtsena, na ji ƙashin ya ce ƙas. Direban ya sake ɗagawa, kaina yake nema. Yaya, Gajere ne ya faɗo ya rufe ni da jikinsa. Jininsa har cikin bakina.

Ga shi nan a gadon kusa da nawa. Likita ya ce idonsa na dama ya tafi.

Jiya mai gyaran kwamfutarmu ya zo dubiya, shi ya fayyace mana zancen lasisin. Wai washegarin abin Manaja ya sayi na mutane da yawa, ya ɗauki sababbin ma'aikata. Gajere ya juyo ya ce mini, "Ashe ba kai ba ne."

Yanzu shi ke saka mini maɓallin riga, ni ke karanta masa saƙon matarsa. Ba shi da kowa a garin nan. In za ki zo, ki taho da abincin mutum biyu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta